Yadda na bi zafin teku domin sanin daminar Kano

A daminar bara na ɗauki nauyin bibiyar hasashen yanayi na makonni uku zuwa huɗu domin kawuna, wanda yake noman gero da dawa a bayan gari, ni kuwa ina koyar da labarin ƙasa a cikin birni. Na kafa ma'aunin ruwan sama a kan rufin gidanmu da ke Gwammaja, ina rubuta milimitar da ta taru bayan kowane hadari, sannan in kwatanta da taswirar zafin saman teku da ake sabuntawa a intanet.

Abin da na fara fahimta shi ne iska ba ta daɗewa a hali guda, shi ya sa hasashen rana-rana yake rasa ƙarfi idan ya doshi mako biyu. Ruwan teku kuwa a hankali yake ɗumama, a hankali yake hucewa, don haka kwamfutocin hasashe suke jingina da shi idan tafiya ta yi nisa. Na'urorin Argo masu yawo a cikin tekunan duniya suna awo, waɗanda yawansu ya kai kimanin 4,000, suna nutsewa har mita 2,000, su taso duk bayan kwana 10 su aika wa tauraron ɗan'adam zafin ruwa da gishirinsa. A Atilantika kuma akwai na'urorin PIRATA, masu auna yanayin teku daga inda aka kafa su, da Faransa da Brazil da Amurka suka girke tun 1997.

Mu a Kano, mashigin tekun Gini ya fi shafar mu. Idan ruwansa ya yi sanyi wajajen Yuni alhali ƙasa ta ɗauki zafi, iskar damina takan tunkuɗo danshi zuwa arewa. Idan ya yi ɗumi fiye da kima, ruwan sama yakan maƙale a kudu, kamar yadda aka gani a farin 1984.

A ganina, ba a yi wa wannan hasashe adalci idan aka nemi ya faɗi rana, domin ma'aunina ya sha cika a makon da aka ce ruwa zai yi ƙaranci, sai dai jimillar makon takan bi inda aka nuna. Da kawu ya tambaye ni, "Ɗana, in zuba taki jibi?", sai na ce, "Kawu, jibi ba ta hannun teku, amma alamu sun nuna makonni biyu masu zuwa ruwa zai ja baya, gara ku dakata." Ya ajiye buhunan takin a zaure har ƙasa ta sake jiƙa sosai.