Me ya sa katin hoto ke rage gudu a zafin Yamai

Katin hoto na kwamfutar wasa, wato ɓangaren da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo, shi ke ɗaga gudunsa da kansa, muddin bai kai iyakar zafi ko ta wuta ba. A katunan kamfanin NVIDIA, da zarar zafi ya fara hawa, gudun na sauka kaɗan-kaɗan, wajen MHz 15 kowane mataki. Yawancinsu in sun kai digiri 83 sai su ja birki sosai. Na AMD kuwa wurin da ya fi zafi a jikinsa na iya kaiwa 110.

A Yamai, watan Afrilu iskar waje kan wuce digiri 40, fanka kuma da iskar ɗaki take sanyaya katin. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga. A kashe wuta, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya, sannan a hura.

Buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna zafin katin, ana cikin wasa. In tazarar wuri mafi zafi da sauran katin ta wuce digiri 20, mai yiwuwa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya ya bushe, a sake shi. Ni dai na fi son rage wutar katin da manhajar MSI Afterburner a kan ƙure fanka, don ƙurewar na cinye ta da wuri.