Zama a gindin Merapi: abin da sabon zuwa Yogyakarta ya kamata ya sani

Ɗan'uwa, in karatu ko aiki ya kawo ka Yogyakarta a Indunusiya, tun kafin ka kama haya ka san Merapi, dutse mai aman wuta da ke kimanin kilomita 30 arewa da gari.

Narkakken dutsen da yake fitarwa kauri gare shi, kamar tuwon da aka tuƙa ya yi tauri. Ba ya kwarara ya yi nisa. A bakin ramin yake taruwa, samansa ya huce ya zama ɓawo, sabo ya ci gaba da turowa daga ƙasa, curin yana kumbura. Mutanen nan "kubah" suke ce masa, wato kubba irin ta masallaci. Matsalar ita ce a kan gangare take zaune, ga iskar gas a maƙale cikinta. Da gefe ya yi nauyi, ko ruwan sama ya ratsa tsagoginta, sai ya ɓalle. Duwatsun su farfashe, gas ya kuɓuce, gajimaren toka mai ƙuna ya gangaro da gudun da mota ba ta tsere masa. Shi mutanen nan ke kira "wedhus gembel", wato tunkiya mai gizo. A 2010 ya bi kwarin kogin Gendol, fiye da mutum 300 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Shi ya sa kwari ne abin lura, ba kusanci kaɗai ba. Abin da kubbar ta zubar yana cika kwarin kogunan Gendol, Boyong da Krasak, damina kuma ta kwaso shi ya zama ambaliyar laka da duwatsu wadda ta kogin Boyong kan kai har kogin Code da ya ratsa tsakiyar gari. Ko ba a ruwa inda kake, in hadari ya rufe kan dutsen, bar bakin kogi.

Matakan gargaɗi 4 ne, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani: Normal, Waspada, Siaga, Awas. An ce Awas, a tashi ke nan. Ajiye fasfo, magani da takunkumi a jaka guda. In toka ta sauka, rufe tankin ruwa, kuma kada ka goge gilashin ido ko babur a bushe, ƙaiƙayin dutse ce, karcewa take yi. Zuba ruwa tukuna.

Tokar nan dai ita ta ba Sleman, gundumar da ke gindin dutsen, ƙasar noma mai albarka, yashin da manyan motoci ke kwasa daga kwarin kuma da shi ake ginin garin.