Allon Kwamfuta Ba Ya Koyar Da Hannu

Fiziks da Lissafi nake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a cikin garin Jos. Bayan kullen korona na 2020 na fara amfani da PhET, manhajar gwaje-gwajen kimiyya da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002. Kyauta ce, kuma idan ka sauke gwajin ba ka sake ƙona data. A Lissafi kuwa manhajar GeoGebra ta taimaka ƙwarai, ba ni da ƙorafi.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya ya faro ne ranar da mai makarantar ya leƙo aji, ya ga yara suna haɗa batir da ƙwan fitila a allo, fitila tana kamawa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai shi ke nan, mun huta da sayen kayan lab." Kuɗin da aka ware aka yi wani abu da su. Na yi magana, aka ce in yi haƙuri.

Da gwajin share fagen WAEC ya zo, muka aro kaya daga maƙwabta. Yarinyar da ta fi kowa iya dokar Ohm ta lantarki ta haɗa amita, wato na'urar auna gudun wutar lantarki, a juye, allura ta koma baya. Ta tsaya cak, idonta ya cika da hawaye. "Malam, ta lalace ne?" A allo waya ba ta kwancewa, batir ba ya sanyi, babu mai koya maka daidaita ido da allura. Ita kuwa jarrabawar aiki da hannu ake yin ta.

Wani abokina da ke koyarwa a Abuja ya ce ɗalibansa sukan gwada a tabulet, sannan su shiga lab su taɓa kayan. Wanda ke ƙauye ta wajen Bassa kuwa, cajin waya ma aiki ne. Manhajar ɗaya ce, amma a Abuja ƙari ta zama, a wurinmu kuma dalilin janye ɗan abin da muke da shi.

'Yan uwana malamai, kada ku nuna wa mai makaranta allon nan sai kayan lab sun shigo hannunku. Ni yanzu daga aljihuna nake sayen waya da batir a kasuwar Terminus, kuma kowane gwajin allo sai yaro ya maimaita shi da yatsunsa kafin mu wuce gaba.