Babu Jamal a Littafin

A makon jiya na karɓi takardar shaidar digirina na biyu, wata tara cur bayan 'yan ajinmu sun karɓi tasu. Tunda yanzu babu mai iya danne mini sakamako, bari in faɗi abin da ya cinye watannin nan, ko ƙannena da ke tafe za su kauce wa ramin da na faɗa.

Kundina a kan fina-finan da suka ci kyautar Oska ne da littattafan da aka ciro su daga ciki. Uku na ɗauka: The Godfather na 1972 da littafin Mario Puzo, Tsotsi na Afirka ta Kudu da littafin Athol Fugard, sai Slumdog Millionaire, wanda ya kwashe kyauta takwas a bikin 2009. Biyun farko na karanta littattafansu. Na ukun, Q & A na Vikas Swarup, babu shi a laburaren jami'a, babu a shagunan littattafan garinmu. Na ba wani mai tafiya sautu, wata biyu shiru, ga ranar miƙa kundi ta ƙarato.

Na je ofishin sufabaizana, malamin da ke duba kundina, na gaya masa. Yana danna waya ya ce, "Ke dai rubuta kawai. Ai fim ɗin da littafin duk kanwar ja ce. In ya iso kya cike lambobin shafi." Ba zan ɗora masa laifin duka ba, domin abin da nake son ji ke nan. Na taso da kallon fina-finan Indiya a ɗakin mahaifiyata, wannan fim kuwa na kalle shi ya fi sau goma, har ina ji a raina babu abin da wani littafi zai ƙara mini. Na zauna na zuba shafi ashirin da biyu ina yaba wa marubucin bisa jarumtar da ya yi ta ɗora labarinsa a kan yaro Musulmi daga unguwar talakawan Mumbai, ina kuma yaba wa darakta Danny Boyle da ya riƙe masa amana. Malam ya sa hannu.

Ranar difens, wato ranar kare kundi, eksitanal ɗin, mai jarrabawar da aka gayyato daga waje, wani dattijo ne mai sanyin murya. Ya bar ni na gama bayani tsaf, ya yaba babin Tsotsi kaɗan, sannan ya buɗe jakarsa ya fito da wani littafi da bangonsa ya sha hannu.

"Malama, yaya sunan yaron nan a littafin?"

"Jamal Malik, ranka ya daɗe."

Bai ce komai ba, sai ya turo mini littafin ya ce in buɗe in karanta wa jama'a sunan mai ba da labarin. Ram Mohammad Thomas. Har yau ina jin yadda ɗakin ya yi tsit, ban da ƙarar fanka. Ana cikin haka sufabaizana ya gyara zama ya girgiza kai, ya ce, "Farfesa, na sha gaya mata ta nemi littafin nan. Yaran yanzu ba sa jin magana." Wannan ce ta fi yi mini ciwo, ba faɗuwar ba. Na buɗe baki, na tuna wanda zai sake sa hannu a gyaran, na haɗiye.

Dattijon ya ba ni aron littafin. Kwana uku na yi ina karantawa, kowane babi kamar mari. Yaron littafin jariri ne da aka yasar a coci a Delhi, wani limamin Kirista ya raine shi, aka raɗa masa suna mai ɗauke da addinai uku don kada wani ɓangare ya tada rigima. Wato Swarup, wanda jami'in diflomasiyyar Indiya ne lokacin da ya fitar da littafin a 2005, ya gina yaron ne ya zama na kowa, ko kuma ba na kowa ba. Fim ne ya mayar da shi Musulmi, ya ba shi uwa, sannan ya kashe ta a rikicin addini. Salim da muka sani a matsayin yayan Jamal, a littafin aboki ne. Latika, wadda saboda ita Jamal ya shiga gasar kacici-kacici ta talabijin, babu ita sam. Yaron littafin lauya ce mace yake warware wa yadda ya san amsoshin, ba ɗan sanda ba. Hatta kuɗin gasar ba ɗaya ba ne: rufi biliyan ɗaya a littafi, miliyan ashirin a fim. Abin da na kira riƙon amana, ashe sabon gini ne aka yi a kan tsohon harsashi.

A nan ne idona ya buɗe kan wani abin da ya fi kuskuren suna girma. Ko babobin da na karanta littattafansu, ban yi musu adalci ba. Abin da na yi shi ne jeri: wannan an cire, wancan an bari, sai in yanke hukunci wanne ya fi daɗi, kamar mai ɗanɗanon miya. Ban taɓa tambayar wa ya amfana da canjin ba, kuma laifi ya tashi daga kan wa ya koma kan wa.

Dubi Tsotsi. Fugard ya kafa labarinsa a Sophiatown ta shekarun 1950, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ke rushe unguwar tana korar baƙaƙen fata. A littafin, 'yan sanda ne suka kama mahaifiyar Tsotsi, matashin ɗan daban da labarin ke kansa, a wani samame tun yana yaro, kuma a ƙarshe bangon kangon da ya ɓoye wani jariri da ya faɗo hannunsa ne ya rufta masa yayin da motocin rusau ke aiki. Hukuma ce ta maraita shi, ita ce kuma ta kashe shi. Fim ɗin Gavin Hood, wanda ya ci Oska a 2006, ya ɗauko labarin ya kawo shi bayan faɗuwar wariya. Uwar ciwo ne ya kwantar da ita. Jaririn a bayan motar da ya ƙwace ya tsince shi, iyayensa kuwa baƙaƙen fata ne masu hali. A ƙarshe ya mayar da jaririn da hannunsa, ya ɗaga hannuwa sama a gaban 'yan sanda. Labarin zaluncin gwamnati ya zama labarin tuba. Ban ce Hood ya yi laifi ba, fim ɗin ya sa ni hawaye. Amma a kundina na farko duk wannan layi biyu na ba shi, na ce an zamanantar da labarin. Da na sake rubutawa, shi ya zama ƙashin bayan kundin, kuma shi ne babin da dattijon ya rubuta wa "madalla" a gefe da jan biro.

Sauran darussan ƙanana ne. Fim na awa biyu ba zai ɗauki littafi mai ɗaruruwan shafuka ba, don haka yawan abin da aka cire ba hujja ba ce. Ƙuruciyar Vito, uban gidan 'yan Mafiyan labarin, da aka tsallake a The Godfather ai ita ce ta dawo a kashi na biyu a 1974. Kyautar Oska shaida ce a kan fim, ba ta ce komai game da littafi ba. Kada ka yi sharhi a kan littafin da ba ka riƙe a hannunka ba. Duk umarnin da sufabaiza ya ba ka da baki, koma gida ka tura masa saƙo kana maimaita shi cikin ladabi, ka adana amsar.

Na mayar wa dattijon littafinsa ta hannun wani ɗalibinsa, ya sake aiko mini da shi ya ce in riƙe. Shi kuwa Malam, shekaranjiya ya kira ni, murya sake, har da "'yata". Ya ce babin Tsotsi ya isa a buga a mujalla, in gyara shi in turo, sunansa a farko nawa a biye, kamar yadda aka saba. Na ce, "To Malam, zan yi shawara." Har yanzu ina shawarar.