Jakar fatur a kan babur

Jama'a, duk mai zuwa aiki Sinnar daga Maiurno a kan babur da jakar abinci ya san wannan wahala. A nan Sudan ba a cin fatur, wato karin kumallo, mutum ɗaya. Wajen ƙarfe 11 kowa a shago zai buɗe nasa, a haɗu a faranti guda. Uwargida kuwa ba za ta yarda a ce nata ne ya kasa ba. A cikin jakar akwai amud, wato jeren kwanukan abinci, mai hawa uku: kisra (siririyar gurasar dawa) a sama, miyar busasshiyar kuɓewa a tsakiya, tuwon dawa a ƙasa, ga kuma fulas ɗin shayi.

In na rataya a hannun babur, sai ta riƙa jan kan gefe guda, shan kwana sai da addu'a. In na goya, zafin tuwo da na rana su haɗu a gadon bayana, riga sharkaf. Yanzu kan tanki nake ɗora ta, in ɗaure da roba, in matse da gwiwoyi. Duk da haka, rami ɗaya miya ta leƙo.

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, a ƙulla maka miyar a leda." Na kai shawarar gida, aka ce leda tana kashe ɗanɗano.