Abin da zaman kara ya koya min kan ɓarayin shanu

Ni ba jami'in tsaro ba ne, rasit nake yanka a kara, a wata kasuwar dabbobi da ba ta da nisa da bodar Magama Jibiya. Amma duk wanda ya daɗe a bencin nan ya san ɓarawo ba ya cinye garke a daji, dole ya nemi mai saye, to a kasuwa ake tona masa asiri, a kasuwa kuma ake rufa masa.

Tsofaffin dillalai sun fi kowa ido wallahi. Mutum zai zagaya bajimi ya duba tsagar kunne da tabon wuta a cinya ya ce wannan shaidar ba ta nan ba ce, ta wajen Madarunfa ce a Nijar, sai ya zaro ƴar rakani-kashinsa ya kira wani dillali a Dan Isa ko Maradi wanda ƙila ma surukinsa ne, kafin la'asar mai saniya ya iso a babur da shaidunsa, wanda ya kawo ta kuwa tun da ya ga ana waya ya ce bari ya kama ruwa, har yau bai dawo ba.

Ba wai gwamnatoci ba su da tsari ba. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, ofishinta na Yamai, kuma a Satumban 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maradi sun sa hannu a yarjejeniyar tsaro. Sai dai irin wannan zumuncin da siyasa yake tafiya. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe boda, manya suka daina gaisawa, ɓarayi ko a jikinsu tunda dama ba ta geti suke bi ba, daga dajin Rugu su ɓulle dajin Baban Rafi a Nijar. Wayar dillalai ce kawai ba ta tsaya ba.

Shi ya sa har yanzu ina da ja a kan matakin 2021, lokacin da aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama aka kuma datse sabis. Na san an matsu ne. Amma shanun sata ba su daina motsi ba, sai dai suka koma inda babu mai duba kunne, mu kuma sai ka nemi layin Nijar ka hau tudu kafin ka gaya wa wani an kore masa dabbobi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tsoron infoma. Mutum zai kai rahoto da safe, da daddare a kira shi daga daji a maimaita masa abin da ya faɗa, wa zai sake magana? Ga kuma wasu ƴan sa-kai da ke yi wa kowane Bafulatani kuɗin goro, alhali Fulanin nan su suka fi sanin shaidar kowane garke, kuma su ma ana sace nasu. Da suka ƙaurace wa kara ido ya ragu sosai.

Da aka ƙaddamar da Community Watch, wato rundunar tsaron al'umma ta jiha, a Katsina a Oktoban 2023 yaran gari aka ɗauka, sun san hanyoyi, wannan kam an yi dabara. Ni dai da za a tambaye ni, a sa ɗaya daga cikinsu ya riƙa zama kusa da sarkin dillalai duk ranar kasuwa, da layi biyu a wayarsa, na nan da na Nijar.