Saƙon godiya ga Tendai Mtawarira bayan ya ajiye rigar Afirka ta Kudu

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen gasar cin kofin duniya ta zari-ruga lafiya, ina miƙa godiyata a bainar jama'a ga Tendai Mtawarira, wanda ya sanar da yin murabus daga buga wa Afirka ta Kudu wasa kwanaki kaɗan bayan sun doke Ingila da maki 32 da 12 a Yokohama, ranar 2 ga Nuwamba, 2019.

Ɗan'uwa Tendai, ba ka san ni ba. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano da ya daɗe a Durban, kuma sanda na iso garin ban san komai game da wasanku ba. A idona, turereniyar da ƙarti takwas ke yi da wasu takwas kawunansu a sunkuye ba ta wuce hargitsi ba. Ranar da na fara fahimta ita ce ranar wasan farko da haɗakar Birtaniya da Ailan ta Lions a filin Kings Park a 2009, inda ka yi ta tasa ɗan wasansu Phil Vickery gaba a turereniyar har alƙalin wasa ya riƙa busa masa laifi, aka kuma cire shi jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci. Maƙwabcina ne ya bayyana mini cewa mai lamba ɗaya irinka, da ke sahun gaba a turereniyar, ba kasafai yake cin maki ba, amma idan ya durƙushe, duk masu gudun da ke bayansa sun zama 'yan kallo.

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan shi ne asalinka. A Harare aka haife ka, kuma duk da cewa tun 2008 ka fara sanya koriyar rigar Afirka ta Kudu a wasa da Wales, sai da aka ajiye ka gefe a 2010 saboda ba ka da takardar zama ɗan ƙasa, har zuwa watan Yuni da aka ba ka ita. Duk baƙon da ya taɓa bin layin sabunta takarda ya san abin da ya kwana a ranka a lokacin. A watan Satumbar 2019, da aka far wa shagunan baƙi a Johannesburg har aka kwashe ɗaruruwan 'yan Najeriya zuwa gida, mun kwana a firgice ko da yake muna nesa. Wata biyu bai cika ba, sai ga ni a cikin taron 'yan ƙasa suna jan laƙabinka "Beast" da ƙarfin murya, suna yi wa ɗan Zimbabwe kirari. Ban ce wannan ya share abin da ya faru ba, amma ya sanyaya mana zuciya.

Na gode da wasanni 117 da ka buga, da gasar kofin duniya uku, da kuma yadda ka dawo fili bayan matsalar bugun zuciya da ta kwantar da kai a Dublin a 2012. A wasan ƙarshe kuwa, kana da shekara 34 ka danne Dan Cole na Ingila, aka yi ta samun bugun fanareti abokin wasanka Handré Pollard yana zurawa, tun kafin Makazole Mapimpi da Cheslin Kolbe su dire ƙwallo a bayan layi.

Ina kuma gode wa maƙwabtana da suka ba mu mafaka a gidansu a makon tashin hankalin, suka kuma gayyace ni da iyalina kallon wasan ƙarshe. Allah ya saka musu da alheri, kai kuma ya ba ka lafiya, ya raya maka zuri'a.